Kan Sarkin Ciko

Chiba, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Nagumo Tomekichi,

Bayan gaisuwa. Zafin bana ya ƙi tafiya. Ina fata bai lalata maka awara a shago ba, ina kuma fata maiɗakinka Kinue-san tana cikin ƙoshin lafiya.

Kada ka yi mamakin ganin ambulan maimakon kati. Abin da zan faɗa ba zai shiga bayan kati ba, kuma ba na so mai raba wasiƙu ya karanta shi a hanya ya kai wa mutanen tsibiri labari.

A ƙasan katinka na baya ka rubuto mini, cikin alfahari, wai ka sayi katunan wasiƙa ɗari biyar kafin kuɗin aike ya tashi ranar ɗaya ga Oktoba. Tome, kati ba waken suya ba ne. Wake in ka saye shi da araha ka ajiye, ka ci riba. Kati kuwa kuɗinsa a buge yake a goshinsa, yen sittin da uku. Daga wata mai kamawa tamanin da biyar za su nema, ko da a zamanin kakanka ka sayi katin. Kowane ɗaya sai ka liƙa masa ɗan kan sarkin ciko kafin ya bar tsibiri. Ba ka tsira da komai ba. Abin da ka saya da kuɗinka shi ne aikin lasar kan sarki sau ɗari biyar. Tun muna 'yan firamare haka kake, da ka ji rabin magana sai ka ruga da gudu.

Amma ba don wannan na kashe kuɗin ambulan ba.

Shekara arba'in da wani abu muna wasan igo, darar nan ta baƙaƙe da fararen duwatsu, ta gidan waya, ni da kai. Ka sa baƙin dutse ɗaya a allonka, ka rubuto mini inda ka sa. In sa shi a nawa allon, in amsa da fari, in rubuta maka. In ka yi ƙoƙari ƙwarai, kati biyu ko uku kake aikowa a wata. Ni da kai kuma mun doshi tamanin. Na san lissafi bai taɓa zama abokinka ba, amma ko kai ka san ba za mu ga ƙarshen wannan kwalin ba. To sauran na wane ne?

Ba wai abin ya dame ni ba ne. Akwatin wasiƙata da ke ƙasan bene ba abin da ke shigarsa sai takardar wuta, da ta ruwa, da tallan masu sayar da filin kabari, sai katinka. Shi ya sa nake lura da shi fiye da kima, kamar yadda tsoho mai haƙori ɗaya yake lura da haƙorinsa. Na kuwa lura tun bazara katin yana makara.

Dutsena: layi na sha shida, gida na biyar.

Ka kula da jikinka a wannan sauyin yanayi.

Kuwabara Seiichi

*

Tsibiri, ƙarshen Satumba

Sei-chan,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, teku ta lafa. Kinue na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci mai zafi, ko har yanzu na kanti ne a roba.

To Farfesa, ka kama ni. Ai ban ma jira wasiƙarka ba aka faɗa mini. Yarinyar gidan waya, jikar Matsuo mai jirgin kifi, ta ce, "Baba Tome, ka san fa wannan ba zai hana ka biyan ƙarin ba ko?" Na ce, "Na sani mana, yau na fara sayen kati?" Ban sani ba. Amma layi ya cika a bayana, ga matar mai aski tana miƙo wuya, ni kuma na riga na zube kuɗin a faranti. Da wane ido zan kwashe su in mayar aljihu? Na rungumo kwalina na fito kamar wanda ya ci gasa. Da na isa gida Kinue ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "Ba laifi. In ka mutu da su za mu ƙone ka, mun huta."

Tambayarka kuma, ai ba abin ɓoyewa ba ne. Akwai wani Horie-sensei a Kochi, tsohon shugaban makaranta. Ya sa 'yar sanarwa a mujallar igo wai yana neman abokin wasa ta kati. Na rubuta masa don gwaji kawai, sai ga amsa. Sei-chan, da ka ga rubutun mutumin nan! Da burushi yake yi, kuma a gefen kowane kati sai ya zana abin da ya ci ranar. Yau kifi, gobe kabewa, ranar nan ƙashin kifin kawai ya zana, ya rubuta, "Na makara, mage ta riga ni." Kinue har ta jera su a bangon kicin. Kuma shi ma bai iya wasan ba, daidai ni. Mun fara a bazara amma har mun yi nisa, don shi ba ya yin mako guda yana kallon dutse ɗaya kamar wani da na sani.

Ga wata matsala. Ƙananan kan sarkin cikon nan sun ƙare a nan tun kafin ranar ta zo. Ashe duk tsofaffin tsibiri irin wayona suka yi, kowa da kwalinsa a ƙarƙashin gado. An ce sai jirgi ya kawo wasu, ba a san yaushe ba. In ka ji ni shiru bayan ɗaya ga wata, dalilin ke nan, ba mutuwa na yi ba.

Dutsena: layi na sha bakwai, gida na uku. Na ga kana zagaye mini kusurwar dama, ba sai ka faɗa ba.

Ka riƙa buɗe taga.

Naka,
Tome mai awara

*

Chiba, farkon Oktoba

Zuwa ga Nagumo Tomekichi,

Bayan gaisuwa. Iskar safe ta fara sanyi. Ina fata kowa lafiya.

Shugaban makaranta. Mai burushi. Mai zanen ƙashin kifi. Madalla.

Na san irinsu. Sun yi rayuwa suna tsaye a gaban yara ana sunkuya musu, suka yi ritaya da fansho mai kauri da lambu a bayan gida, yanzu ba su da aiki sai zana abincin rana. Sensei ka ce, wato malam. Ni da na shiga babbar jami'a a Tokyo, ranar da duk tsibiri suka rako ni bakin jirgi da 'yan tutoci, kai kana bayana ɗauke da jakata, ban taɓa jin kalmar nan a bakinka ba. Farfesa kake ce mini, kuma mu biyun mun san da wane baki kake faɗa.

Ba laifinka ba ne. Gaskiya ce ban zama komai ba. Kamfanin buga littattafan da na yi wa aiki ya rushe, na ƙare ina gyara kurakuran rubutun mutanen da ba su kai ni karatu ba, ana biyana a kan shafi. Matata ta tafi da 'yarmu. Kai da ka tsaya a gida kana jiƙa wake, ga ka da mata, ga jikoki, ga shago da sunanka a ƙofa, duk wanda ya wuce sai ya gaishe ka. Ban taɓa yi maka ƙyashin ko ɗaya ba. Abu guda na ɗauka nawa ne a wurinka. Ashe shi ma ka amsa talla da shi a mujalla.

Kuma bari in tambaye ka. Dutsen da ka sa na ƙarshe ba hannunka ba ne. Na san wasanka kamar yadda na san matakalar benen nan. Kai kullum kai hari kake yi ido rufe, kamar ɗan maraƙi. Wannan dutsen na mai haƙuri ne. Kana nuna masa allonmu? Allon nan yana kan teburi ɗaya tilo da nake da shi, a ƙasa nake cin abinci don kada in motsa duwatsun. Ina so in san ko da mutum ɗaya nake wasa ko da biyu.

Maganar kan sarkin ciko. Na zaga gidajen waya na unguwarmu da ƙafa, na samu, na sayi duk abin da suka yarda su sayar wa mutum ɗaya. Suna nan a aljihun tebur, sun ishi kwalinka. Ga guda ɗaya a cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a takarda don kada ya ɓace. Na katin da za ka aiko mini ne. In katin ya iso, in aiko wani. Shugaban makaranta kuma ya aiko maka nasa, ko ya zana maka shi da burushi.

Dutsena: layi na sha bakwai, gida na huɗu.

Ka kula da jikinka.

Kuwabara Seiichi

*

Kochi, tsakiyar Oktoba

Zuwa ga mai daraja Kuwabara Seiichi-sama,

A wannan lokaci da sararin sama ya yi tsawo, ƙamshin furannin kaka ya cika lambuna, ina fatan wasiƙar nan za ta same ka cikin lafiya da kwanciyar hankali.

Ina neman gafara bisa rubuto maka ba tare da an gabatar da ni ba. Sunana Horie Masanobu, tsoho ne da ya bar aikin koyarwa, wanda Nagumo-san ya yi wa alherin zama abokin wasansa. Shi ne ya ba ni adireshinka.

Shekaranjiya katinsa ya iso mini ɗauke da ɗan kan sarkin ciko, ya kuma rubuta a gefe cewa kyautarka ce daga Chiba. Da ba don kai ba, da wasanmu ya tsaya har sai jirgi ya kai musu wasu. Na ga bai dace in ci moriyar karamcin mutum in yi shiru ba. Na gode ƙwarai da gaske.

Tome-san ya ambata mini cewa kana tunanin ina taya shi a wasanku. Ina tabbatar maka ban taɓa ganin allonku ba, kuma ko da na gani, ƙarfina bai kai in taimaki kowa ba. Ya sha gaya mini cewa a duk waɗanda ya sani babu mai ƙarfinka, kuma tun kuna yara kai ne fitilar tsibirinku. Saboda haka, in ba zai zama rashin kunya ba, ina roƙon ka karɓe ni ɗalibi, mu riƙa wasa ta kati a duk lokacin da ka samu sarari. Zan sa duwatsun rangwamen da ake ba mai rauni ko nawa ka ga ya dace.

Na aiko da 'yan lemun lambuna ta wani aike daban. Ba su da kyan gani, amma suna da ƙamshi a ruwan wanka.

Ina roƙon ka kiyaye lafiyarka yayin da sanyi ke matsowa.

Cikin girmamawa,
Horie Masanobu

*

Chiba, ƙarshen Oktoba

Tome,

Yau babu gaisuwar yanayi. Leƙa taga ka ga yanayin da kanka.

Kan sarki ɗaya na aiko maka. Ɗaya. Ka liƙa wa katin Kochi.

Nawa katin kuma ka jefa shi a akwati haka nan ba ciko, ka ƙi rubuta adireshinka don kada su mayar maka. Kada ka ce mantuwa ce. Shekara arba'in ba ka taɓa manta sunan shagonka a kan kati ba, har da ɗan hatimin nan naka mai hoton wake. Na sauko na tarar da mai raba wasiƙu a gindin bene, ya ce, "Kuwabara-san, wannan kuɗinsa bai cika ba. Ko ka cika, ko ka sa hannu a nan ka ce ba ka karɓa." Na ce, "In ban karɓa ba ina za shi?" Ya juya katin ya ce, "Ba sunan mai aikowa. Sai dai ya zauna a wurinmu." Matar hawa na biyu tana tsaye da kwandon shararta tana saurare. Na hau sama, na ɗauko kan sarki ɗaya daga cikin nawa, na sauko, na biya kuɗin katinka da hannuna. Ka san zan biya. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Sannan ga wasiƙar mutuminka, a kan takarda mai tsada, yana yi mini godiya. Rubutun nasa yana da kyau, na yarda, na nemi kuskure ko ɗaya ban samu ba. Wai fitilar tsibiri. Me kuma ka ba shi labari? Kamfanin? Matar? A farkon wasiƙar kai Nagumo-san ne, kafin ya kai ƙarshe ka zama Tome-san. Wata nawa da saninku? Ni na san ka tun kana zuwa makaranta da majina a hannun riga.

Wai in karɓe shi ɗalibi. Wato kun zauna ku biyu kun ga ya kamata a nemo wa tsohon Chiba abin yi. Ka gaya masa ba na koyarwa. Ba zan amsa masa ba, kuma ban taɓa ƙin amsa wasiƙa ba a rayuwata. Lemunsa sun iso. Na raba wa maƙwabta. Suna ta yabawa, abin haushi.

Ba zan yi ta jan magana ba. Ni ba na zama na biyu a layin kowa, na yi wannan zaman ya ishe ni a wurin aiki. Ko ni ko shi. Ka zaɓa.

Dutsena: layi na sha takwas, gida na biyu. Duba da kyau. Garken baƙaƙen duwatsunka na kusurwar dama numfashi kaɗan ya rage masa. Sa duk inda ka ga dama, dutse ɗaya ya rage mini in kashe shi gaba ɗaya, kuma in ya mutu ba ka da sauran wasa. Tambayi sensei ɗinka ko yana da zanen da zai cece shi.

Ban sa kan sarki a wannan ambulan ba. Kada ka wahalar da kanka da girgiza shi.

Kuwabara

*

Tsibiri, tsakiyar Nuwamba

Sei-chan,

Gaisuwa. Sanyi ya shigo, ruwan jiƙa wake ya fara yanka hannu. Jirgi ya kawo kan sarkin ciko tun makon jiya, yanzu kowa ya samu, sai ka ajiye naka.

Ka kashe yen ɗari da goma a kan ambulan don ka aiko mini kan sarkin yen ashirin da biyu, amma ni ne ban iya lissafi ba. To shi ke nan.

Da gangan na yi, ba zan musa ba. Da na warware 'yar takardar nan na ga kan sarki ɗaya tak a ciki, sai na ji kamar kare ne ni ana jefo mini loma. Raina ya ɓaci. Horie-sensei bai san komai ba, shi da zuciya ɗaya ya gode maka. Labarin kamfani da na matarka kuma ban ba kowa ba, kai ma ka sani. Dutsen nan da ka ce ba hannuna ba ne, nawa ne. Mutum ba zai sha kaye a hannunka shekara arba'in bai koyi ko abu ɗaya ba.

Ba zan zaɓa ba. Na tsufa da irin wannan.

Amma tunda ka buɗe magana, bari in faɗi tawa, ni ban iya jera ta kamar kai ba. Duk katin da ya zo daga Chiba, sai na nemi wuri na zauna kafin in juya shi, don na san akwai mari a bayansa. Wani lokaci ma nawa katin kake dawo mini da shi, ka bi shi da jan biro. Na Kochi a tsaye nake karantawa, hannu da ruwa, ina dariya. Ranar nan Kinue ta ce, "To kai me ya sa kake amsa wa na Chiba?" Na ce, "Ai Sei-chan ne." Ta ce, "Wannan suna ne, ba amsa ba." Na koma na ci gaba da juya wake.

Ka san abin da tsofaffi ke yi bana da katin sabuwar shekara. Tunda kuɗi ya tashi, kowa sai ya rubuta cewa wannan ne na ƙarshe, shekaru sun ja, a yi haƙuri, an gode da zumunci. Ba faɗa, ba komai. Mu ma mu yi haka.

Ba a barin wasa a tsakiya, kai ka koya mini wannan. Saboda haka mu gama shi. Na ga abin da ka gani a kusurwa. Ni zan sa nawa a layi na sha tara, gida na uku, don dai kada a ce ban motsa ba. Kai kuma ka san inda za ka sa: layi na sha tara, gida na ɗaya. Da katinka ya iso zan rubuto maka "na sha kaye," ka ci, kamar kullum. Daga nan ba zan buɗe sabon wasa ba.

Ba na fushi yanzu. Ka sa riga mai kauri, ka san ƙirjinka.

Naka,
Tome

*

Chiba, tsakiyar Disamba

Zuwa ga Nagumo Tomekichi,

Bayan gaisuwa. Ganyen bishiyoyin gaban bene sun gama zuba. Ina fata kai da Kinue-san kuna lafiya. Na jinkirta amsa, mura ce ta kama ni.

Dutsena: layi na uku, gida na goma.

Ka karanta daidai. Ba kuskure ba ne, kuma kada ka tambaye ni. Gefen hagu fili ne babba, ba wanda ya taɓa shi a cikinmu, akwai aiki mai yawa a can. Ka yi tunani a hankali kafin ka amsa. Ba sauri ake ba.

Ka kula da jikinka a ƙarshen shekara.

Seiichi

*

Tsibiri, jajibirin sabuwar shekara

Sei-chan,

Gaisuwa. Dusar ƙanƙara ta ɗan sauka.

Na ga inda ka sa. Har na kira Kinue ta duba mini ko idona ne. Ta ce, "Ko ni da ban iya ba na san ba nan ba ne." Katin ya kwana biyu a aljihuna.

Dutsena: layi na sha tara, gida na ɗaya. Garkena ya rayu. Yanzu ba wanda ya san ranar da wasan nan zai ƙare.

Maganata tana nan, in ya ƙare ya ƙare. Horie-sensei yana gaishe ka.

Saura kai.

Tome